Ranar da Na'urori Suka Daina Gaida Baba

"Baba, don Allah riƙe tsanin nan da hannu biyu," in ji Auta daga can sama.

"Na riƙe."

Bai riƙe ba. Hannu ɗaya ne a jikin tsanin, ɗayan yana riƙe da waya, wayar kuwa sai ƙara take yi, ƙil, ƙil, ƙil, kamar ana buga cokali a bakin kofi. Duk ƙarar da ta yi sai Baba ya duba, ya gyaɗa kai, wani lokacin har ya ce, "Madalla, sannu da aiki."

Auta tana tsaye a matakin ƙarshe, kanta na gogar kwanon rufin ɗakin kaji, gumi na shiga mata ido tun rana ba ta gama ɗagawa ba. A ƙarƙashinta kaji masu ƙwai sun cika ɗaki da ƙorafinsu na kullum. Ta kwance murfin 'yar na'urar da ke bisa ƙofa, ta zaro batir ɗin, ta auna. Ya mutu murus. Karo na uku ke nan a wata guda, batir ɗin da ta lissafa zai yi shekara biyu.

Ita ta haɗa na'urorin da hannunta, aikinta ke nan a kamfanin da take. Kowacce ba ta fi sabulun wanka girma ba, an liƙa su a ginshiƙan ɗakunan kaji suna auna zafi. Muryarsu ba ta zuwa nesa, don haka ta can ƙurya ta faɗa wa ta kusa da ita, wannan ta miƙa gaba, har magana ta iso wurin ta bakin ƙofa, ita kuma ta kai ofis, daga ofis zuwa wayar Baba. Wannan ta bakin ƙofar Baba ya raɗa wa suna Masinja, kuma ita ce take mutuwa kullum, don maganar kowa a kanta take bi.

Ba don sha'awa Auta ta yi wannan aikin ba. Bara da zafi, fanka ta tsaya da tsakar rana Baba yana barci, kafin ya farka kaji sun zube da yawa, shi ma hawan jininsa ya tashi har aka kwantar da shi. Tun daga nan Yaya, babban ɗansa, ya kafe a kan a sayar da gonar, Baba ya koma gidansa a cikin gari. Har ɗaki ya gyara masa a hawa na uku, da talabijin mai faɗin ƙofa. Baba ya je ya gani, ya leƙa taga, ya ce babu abin da ake hangowa sai shanyar maƙwabta. Auta ce ta roƙi Yaya ya ba ta lokaci. Yau da yamma Yaya zai zo ya ga na'urorin da idonsa, ya yanke magana.

Ta sa sabon batir, ta sauko, ta miƙa hannu. "Ba ni wayar."

Baba ya ɗan ja baya. "Me za ki yi da ita?"

Ta karɓa, ta shiga saitin, ta tsaya tana kallonsa. Ta bar na'urorin a kan su yi magana jefi-jefi. Yanzu ga shi kowacce tana aiko da rahoto kusan duk numfashi.

"Wa ya taɓa nan?"

"Wani abu na gani kamar igiya, na ja shi gefe," in ji Baba, yana kallon kaji. "Sai na ga sun saki jiki."

"Baba! Su ne ba a so su saki jiki. Na'urar nan in tana tunani a cikinta, kusan ba ta cin batir. Magana ce ke cinye ta. Ƙarfin da za ta aika saƙo ɗaya da shi ya ishe ta yin lissafi dubbai."

"Ikon Allah. Ni kuwa tunani ne ke cinye ni, magana kyauta nake yin ta."

"Ai mun sani."

"Ke, da ubanki kike."

Ta danne dariyarta, ta ci gaba da danne-danne. Ta ce masa daga yau kowace na'ura za ta auna, ta yi nazarin abinta, ta ja bakinta ta yi shiru. Sai in zafi ya wuce ƙa'ida za ta yi magana, a lokacin kuma fankoki za su ƙara gudu, bututun feshi ya buɗe, saƙo ya zo wayarsa da tata da ta Yaya. Ta kulle saitin da lambar sirri.

"Shi ke nan. Shekara biyu ba sai na sake hawa tsanin nan ba."

"Shekara biyu?"

"Ko ma fiye."

Baba ya karɓi wayarsa, ya juya ta, ya kara a kunne kamar agogon da ya tsaya. Auta ba ta tsaya kallonsa ba, ta riga ta makara. Ta kaɗe gashin kaji daga mayafinta, ta ce wa Dogo mai kula da kajin ya mayar da tsani, ta fita da sauri ta tari mota.

A ofis aikin ranar ya yi mata yawa. Shugabar sashensu tana jiran lissafin wasu na'urori da za a binne a jikin bututun ruwan gari, inda ba mai iya tono su kullum don canza batir. Lissafin kuwa mai cin rai ne. In ka bar na'ura ta yi ta magana, ta mutu. In ka ce ta yi ta tunani ba iyaka don ta rage magana, tunanin ma ya taru ya cinye ta. Tsakiyar ake nema, kuma Auta ta iya nemo ta, har takan yi alfahari da hakan a ranta. Ta zauna ke nan waya ta yi ƙara.

"Auta, sun yi shiru."

"Haka ake so, Baba. Shiru lafiya ce."

"Har Masinja."

"Har ita. Ina aiki, Baba."

Ba a jima ba ya sake kira, ya ce ko dai ta sa batir ɗin a juye. Ta ce ba ta sa a juye ba. Ya sake kira ya ce ya je ya tsaya a gaban ta ƙurya ya yi gyaran murya, ko motsi ba ta yi ba. Ta ce ba ta da kunne. Ya ce to ai da tana da baki. Abokin aikinta da ke teburin gefe ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Kira na gaba ya same ta a bakin ɗakin taro, takardu a hannu, shugabar sashe tana yafito ta.

"Tambaya ce kawai," in ji Baba, da wata murya mai laushi wadda da hankalinta na jikinta da ta gane ba ta lafiya ba ce. "Misali, a ce na'ura ɗaya ta ji zafi sosai. Zafi na gaske. Amma ta ƙi magana. Me ke nan?"

"Ba za ta yi ihu ita kaɗai ba. Wataƙila rana ce ta haska ta ko kaza ta hau kanta. Sai ta yi wa maƙwabtanta raɗa tukuna, raɗa ba ta cin batir kamar ihu. In guda uku suka yarda akwai zafi, sannan a faɗa wa Masinja."

"Uku."

"Uku, Baba."

"A lokaci guda?"

"A lokaci guda. Sai anjima."

"To madalla. Allah ya yi miki albarka."

Ta shiga taro tana jin daɗi a ranta, ga shi tsohon nan ya fara sha'awar ilimin abin.

Tana tsakiyar bayani a gaban allo wayarta ta ɗauki wata kururuwa wadda ita da kanta ta zaɓa don ta tashi mai barci. Ta duba. Ɗaki na biyu, zafin da aka rubuta kuwa ko tanda sai haka. Ba kaji ta fara tunawa ba, Baba ta tuna, yadda ta same shi bara zaune a ƙasa a tsakiyar matattun kaji, ya kasa ko ɗaga kai. Ta ajiye alƙalamin allo, ta ce a yi mata afuwa, ta fita ba ta ko ɗauki jakarta ba sai da abokin aikinta ya biyo ta da ita.

Motar haya ta shiga cunkoso a bakin kasuwa ta tsaya cak. Auta ta kira Baba, ba a ɗauka ba. Ta kira Dogo, ba a ɗauka ba. Ta kira Yaya, ya ɗauka yana haki, ya ce saƙon ya same shi a hanya, ya kusa, ya kashe. Wata mata da ke gefenta rungume da buhun gawayi ta ga tana share ido, ta tambaye ta ko rasuwa aka yi.

"Kaji ne," in ji Auta.

Matar ta ɗan matsa, ta ƙara rungume buhunta.

Da ta sauka, da gudu ta ƙarasa. Tun daga ƙofar gona take jin rurin fankoki. Motar Yaya tana tsaye a karkace, ƙofarta a buɗe. Ta faɗa ɗaki na biyu, feshin ruwa ya tare ta a fuska.

Kaji lafiya lau. Ba ta taɓa ganinsu cikin jin daɗi irin na ranar ba, sun baza fukafukai suna shan sanyi. Mutane ne ba lafiya ba. A gindin ginshiƙi na farko Baba ne tsaye a kan bokitin da aka kifa, ya kara buɗaɗɗen filas ɗin shayinsa a ƙarƙashin na'ura. A na biyu wata mata ce mai sarin ƙwai, wadda ta zo ɗaukar kayanta tsautsayi ya faɗa mata, riƙe da butar ruwan zafi. A na uku Dogo ne da dutsen guga na gawayi, hayaƙi na tashi daga jikinsa. A tsakiyarsu kuma Yaya, cikin kwat da nektai, jiƙe sharkaf, riƙe da tukunyar kashe gobara da ya ciro daga mota, yana neman wutar da zai kashe.

Duk suka yi cirko-cirko. A aljihun Baba waya sai kururuwa take.

"Suna da rai," in ji Baba, bakinsa har kunne. "Auta, duk suna da rai!"

Mai sarin ƙwai ta ajiye butar a hankali. "Ni dai cewa aka yi in riƙe, 'yata. Ban san ruwa za a yi ba."

Auta ta kashe feshin daga wayarta, ta wuce wurin Dogo. Murfin na'urar ya narke ta gefe ɗaya, ya lanƙwashe, shatin dutsen guga ya fito a jiki raɗau.

"Dogo, goge ta ka yi?"

"Baba ne ya ce in matsa kusa. Na matsa, ya ce in ƙara."

"Ta fi sauran taurin kai," in ji Baba yana saukowa daga bokiti.

A ɗan ofishin gonar suka zauna, tsakanin kiret-kiret na ƙwai da buhunan abincin kaji. An shanya kwat ɗin Yaya a ƙofa, shi kuma an ba shi rigar aikin Dogo, hannuwanta sun wuce yatsunsa. Auta ta zauna a kan buhu tana jiran hukunci. Ta san Yaya. In ya yi shiru yana murza gemu, to magana mai tsawo na tafe.

"Auta," ya ce, "aikinki ya yi."

Ta ɗago kai.

"Ina tuƙi saƙo ya shigo. Kafin in iso fankoki sun tashi, ruwa ya sauka. Da gaske ne da ko kaza ɗaya ba za ta mutu ba. Na raina abin nan, na janye."

Daɗi ya kama ta. Wata da watanni tana jiran wannan kalma daga bakin Yaya, mutumin da tun tana firamare bai taɓa duba sakamakonta ya ce komai ba sai "saura lissafi". Ta dubi Baba don su yi murna tare. Baba yana kallon filas ɗinsa.

"Shi ya sa ma magana ta zo da sauƙi," Yaya ya ci gaba, yana naɗe hannun riga. "Ba sai an sayar ba. Tunda na'urori na auna zafi da kansu, su yi shawara da kansu, su kunna fanka da kansu, to zaman me Baba yake yi a nan? Dogo ya ba da abinci ya kwashe ƙwai. Baba ya taho gida, in wani abu ya faru waya za ta faɗa masa yana kwance a kan kujera. Ka ga yau, Baba, ba don kai ba ai da ba abin da ya faru."

Murnar Auta ta koma ciki. Ta yi ta lissafi dare da rana don ta rage wa na'urori aiki, ba ta lura ba ashe Baba ta rage. Kunya ta kama ta, da haushin kanta.

Baba ya rufe filas, ya ɗaure murfin da kyau.

"Ni ba wasa nake yi ba ɗazu," ya ce. "Auta ta ce shiru lafiya ce. To na zauna a kujerar nan, waya a gabana, shiru. Ta ina zan san shirun lafiya ne ko na mutuwa? Daga nan inda nake duk kamarsu ɗaya. Mahaifiyarku ma ranar da ta rasu, da safe cewa na yi barci take, na hana a tashe ta."

Yaya ya daina naɗe hannun riga. A waje kaji suna ta hidimarsu, Dogo na jan ruwa da tsintsiya.

"Baba, ai shi ya sa nake so ka dawo kusa," in ji Yaya, muryarsa ta sauka.

"Kusa da wa? Kai ka fita tun safe, matarka ta fita, yara suna makaranta. In zauna da talabijin? Shi yana magana, amma ba da ni yake ba."

Sai Yaya ya koma inda ya fi ƙarfi, wato tsari. Ya juyo wurin Auta. "Ke faɗa mini. Abin nan yana bukatar mutum ko ba ya bukata?"

Auta ta san amsar: ba ya bukata. Ita ta rubuta ta, kuma da a ofis ne da ta kare ta a gaban kowa. Ta dubi mahaifinta, rigarsa a jiƙe, takalminsa ɗaya ya cika da dusa.

"Yana bukata," ta ce.

"Kamar yaya?"

"Kowace na'ura akwai ɗan maɓalli a gefenta. Kullum da safe sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an danna, kowacce ta aiko da gaisuwa sau ɗaya, a tabbatar tana da rai. In ba a yi ba, ba zan ɗauki alhakinsu ba."

Maɓallin yana nan da gaske, na gwaji ne, ba ta taɓa nufin a taɓa shi ba bayan ranar da aka kafa su. A ranta har ta fara cire watannin da gaisuwar za ta ci daga rayuwar Masinja, abin ya ɗan sosa mata rai, ta haƙura.

"Dogo ya danna mana," in ji Yaya.

Auta ta ɗauko narkakkiyar na'urar da ta ciro daga ginshiƙi ta ajiye a gabansa. Yaya ya juya ta, ya ga shatin dutsen guga, ya ajiye.

"To," ya ce. "To batir fa? Wa zai riƙa hawa tsani? Ba dai Baba ba."

"Ni. In ban samu zuwa ba, kai."

"Sau nawa?"

"Duk mako sai an duba."

Yaya ya ƙura mata ido. Ba wawa ba ne, kuma ya san ƙanwarsa, in za ta yi ƙarya kunnenta take sosawa, ga shi tana sosawa.

"Duk mako? Wane irin batir ne wannan? Ni na ɗauka irin abin nan shekara yake yi." Ya juya. "Baba, kai me ta ce maka da safe?"

Baba ya ɗauki lokaci. Ya buɗe filas, ya leƙa, ya ga shayin ya huce, ya rufe. Ya dubi Auta, ya kau da kai.

"Ni dai mako guda na ji ta ce."

Yaya ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sannan ya miƙe, ya taɓa kwat ɗinsa da ke ƙofa, ya ji har yanzu tana ɗiga.

"Dogo!" ya ƙwala kira. "Zo ka nuna mini inda kuke ajiye tsanin nan."